Tsakanin Kwalta da Rairayi: Wace Taya Ta Dace da Babur a Ƙasar Gaya da Ajingi?

Duk wanda ya tashi daga garin Gaya zai shiga ƙauyukan Ajingi, ko ya fito daga wani lungu na yankin Kademi zai kai kaya kasuwar Wudil ranar Juma'a, ya san hanyarsa ba iri ɗaya ba ce daga farko har ƙarshe. Akwai kwaltar babban titin Kano zuwa Maiduguri, wanda ya ratso Wudil ya bi ta Gaya ya nufi Shuwarin, inda tireloli da motocin haya ke sheƙa gudu. Akwai burji mai gargada. Sai kuma turbar da ta keta gonaki, wadda da rani rairayi ne mai cin ƙafa, da damina kuma ta zama caɓi duk inda ta gangara fadama. Babur ɗaya ne zai bi duka ukun a wuni guda, a kan taya biyu da ba wanda zai tsaya a hanya ya canza su.

Tambayar wace taya za a sa, wadda ke gaban malamin firamare a Toranke, ko ma'aikacin lafiya mai kai allurar rigakafi Gafasa, ita ce dai ake tafka muhawara a kanta a Turai da Amurka tsakanin masu manyan baburan yawon duniya, waɗanda aka ƙera don su bi titi su kuma bi jeji. Asalin waɗannan babura ma ba shi da nisa da mu. Tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen Disambar 1978, ya keto hamadar Aljeriya ya shigo Nijar ta Agadas, kuma Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan Yamaha XT500. A 1980 kamfanin BMW ya fito da R80 G/S, wanda ake ɗauka kakan wannan zuri'a. Yamaha ya raɗa wa nasa sunan hamadar Tenere ta Nijar, Honda kuma ya biyo da Africa Twin a 1988. Ko a 2022, da Kunle Adeyanju ya tuƙo babur daga Landan zuwa Legas don yaƙi da cutar shan-inna, a kan ɗan wannan gida ya zo, wato Honda CB500X.

A Turai da Amurka, kamfanonin taya sun taƙaita zancen da lissafin kaso. Sai ka ji an ce wannan taya 90/10 ce, ma'ana kashi 90 na aikinta a kwalta ne, 10 a ƙasa. Michelin na sayar da Anakee Adventure a matsayin 80/20. Heidenau K60 Scout da Mitas E-07 ana lissafa su raba-daidai. Continental TKC 80 kuwa ta fi karkata ga jeji. Lissafin yana da daɗin ji, amma babu wata hukuma da ke auna shi, kowane kamfani ne ke yanke wa hajarsa. Ga kuma babban giɓi: ya jefa duk abin da ba kwalta ba cikin buhu ɗaya. Alhali rairayin jigawa daban, tsakuwar burji daban, lakar fadama daban, kuma tayar da ta yi fice a ɗaya tana iya kunyata mai ita a ɗayan.

Mu a nan ba Africa Twin muke hawa ba. Boxer ne da TVS da Haojue da Jincheng da roba-roba, masu inji daga 100cc zuwa 150cc. Amma aikin da suke yi ya fi na waɗancan wuya, domin wancan yawon hutu yake, wannan kuwa neman abinci. Dokar 2013 da ta hana goyo a babur a ƙwaryar birnin Kano da kewayenta ba ta kai nan ba. Har gobe ɗan acaɓa ne ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke fito da buhun gero da na gyaɗa bakin titi. Saboda haka zancen taya a Gaya da Ajingi ba zancen ƙawa ba ne. Ra'ayina a kansa kuwa shi ne: zanen taya, wanda shi ake fara kallo a shago, shi ne tambaya mafi sauƙi a cikin tambayoyin da ke gaban mai saye, kuma wanda ya rasa ta cewa tsakanin kwalta da jeji, to ya karkata ga kwalta. Ga dalilaina.

Wurin da tayar babur ke taɓa ƙasa bai kai faɗin tafin hannu ba, kuma a nan birki da kwana da ja duk suke ƙarewa. A busasshiyar kwalta roba ce ke riƙo, ba zane ba. Shi ya sa baburan tsere na filin kwalta tayarsu sumul take, babu tsaga ko ɗaya. Tsagogin da ake yi wa tayar titi aikinsu kore ruwa ne, don robar ta samu ta taɓa kwalta idan sama ta zubo. Ƙasa kuwa ba ta tsayawa a riƙe ta, samanta motsi yake yi. Don haka ake yi wa tayar jeji manyan haƙora masu tazara, su nutse su kamo abin da ke ƙarƙashi su tura shi baya. Abin da ya ƙara mata ƙarfi a ƙasa shi ne ya rage mata shi a kwalta: duk giɓin da ke tsakanin haƙori da haƙori, roba ce da ba ta taɓa kwalta ba.

In ka hau titin Gaya zuwa Wudil da taya mai manyan haƙora, kunnenka ne zai fara gaya maka, don ruri take yi. Sannan hannunka ya ji karkarwa. Abin da ba ka gani shi ne kowane haƙori yana lanƙwasawa yana miƙewa sau dubbai a tafiya ɗaya, yana ɗaukar zafi, yana zaizayewa. Tsakiyar tayar baya takan suɗe ta baje tun gefunan suna nan daram, haƙoran gaba kuma birki ya cinye su ta fuska ɗaya har su koma a karkace. Tana kuma ƙara shan mai, abin da tun cire tallafin fetur a Mayun 2023 babu ɗan acaɓar da zai ce bai dame shi ba. Mafi muni shi ne lokacin da kwalta ta jiƙe, musamman ruwan farko, wanda ke tarar da ƙurar rani da ɗigon baƙin mai na watanni ya kwaɓa su su zama santsi. A irin wannan rana, tazarar da babur mai haƙora ke buƙata kafin ya tsaya ta fi ta mai tayar titi.

Rairayi shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mutane na ɗauka haƙora ne maganinsa. Suna taimakawa, ba shakka, amma matsalar rairayi mai zurfi ba santsi ba ce, nutsewa ce. Ƙafar gaba ke lumewa ta tara yashi a gabanta, kan babur ya fara kai-komo, mahayi ya tsorata ya sassauta totur ko ya damƙe birkin gaba, sai ƙasa. Abin da ke hana wannan shi ne faɗin da'irar ƙafa, da sassaucin iska, da komawa baya kan kujera, da riƙe totur a giyar da ta dace ba tare da yankewa ba. Shi ya sa baburan hamada ƙafarsu ta gaba inci 21 ce, ta Boxer kuwa 17. Akwai kuma zancen ƙarfi. Injin Africa Twin na yanzu yana ba da kusan ƙarfin doki 100, yana iya watsa yashi baya ya ɗaga gabansa ya yi ta shawagi a saman rairayi. Boxer mai 100cc kimanin doki 8 ne. In aka ɗora masa kaya ya shiga yashi mai zurfi, manyan haƙora sau da yawa rami suke haƙa masa ya zauna a ciki. Kowa ya sha ganin ɗan ƙauye yana ratsa burtali da tayar da ba ta da wani zanen a-zo-a-gani, baƙo kuma da sabuwar taya mai haƙora yana tafiya yana dogara ƙafa. Bambancin a hannu yake.

Inda haƙora ke da gaskiyarsu ba gardama shi ne laka. Taɓon fadama a watan Agusta yakan cike ƙananan tsagogin tayar titi cikin 'yan taku, ta koma sulɓi, tana juyawa a wuri ɗaya. Mai tazara kuwa tana yar da lakar yayin da take juyawa, haƙoranta su sake fitowa su kama. Amma a nan ma akwai tarko: in murfin ƙafar gaba ya matso taya sosai, laka takan cushe tsakaninsu har ƙafar ta daina juyawa. Dalilin ke nan da ya sa samfuran da aka yi don hanyar ƙauye, irin su Boxer 150X, ake ɗaga musu murfin sama. Burji kuwa, mai tauri a ƙasa da tsakuwa a sama, matsakaitan haƙora ya fi so, waɗanda za su ratsa tsakuwar su taɓa taurin.

To, tun da babu tayar da ta iya duka, da me za a yanke hukunci? Masu lissafin kaso za su ce ka ƙirga kilomita nawa kake yi a kwalta, nawa a ƙasa. Ni a ganina abin dubawa shi ne inda kuskure ya fi tsada. Wanda taya ta yaudara a rairayi yana tafiyar kilomita 20 a awa, yawanci tashi yake ya kaɗe rigarsa ya ɗaga babur, in ta yi tsanani salansa ta ƙone shi a ƙauri. Wanda ta yaudara a kwalta yana gudun 80, da tirela a bayansa, labarinsa daban ne. Ƙarfin da ke cikin abin da ke gudu ba ya ƙaruwa daidai da gudun, ninkawa yake: in gudu ya ninka sau 4, ƙarfin karon ya ninka sau 16. Ga shi hular kwano ba ta karɓu a wajenmu ba. Tayar da ba ta dace da ƙasa ba lokaci take ci maka da wahala. Wadda ba ta dace da kwalta ba tana iya cin rai.

Saboda haka, ga mafi yawan mahaya a wannan yanki, tayar tsaka-tsaki ce ta dace: wadda haƙoran tsakiyarta suka matsu da juna ko suka haɗe suka yi layi, don ta kwanta a kwalta ta kuma daɗe, na gefe kuma suka ɗan buɗe don kama ƙasa a kwana. Wanda aikinsa Gaya zuwa Wudil zuwa Kano ne kullum, gidansa kuma bai yi nisa da bakin titi ba, babu abin da ya haɗa shi da haƙora. Ya sa tayar titi mai kyau ya yi haƙuri da ɗan guntun yashin ƙofar gida. Wanda kuwa gonarsa ko makarantarsa ke bayan fadama, kuma dole ya ratsa ta daga Yuli zuwa Satumba, shi ke da hujjar sa mai manyan haƙora, da sharaɗin ya san cewa duk sa'ad da ya hau kwalta sai ya rage wuta.

Zancen zane ke nan, kuma da a ce nan matsalar ta tsaya da da sauƙi. Abin da ya fi kashe taya a ƙasar nan lodi ne.

A gefen kowace tayar kirki akwai rubutun da ba kasafai ake karanta shi ba. Za ka ga, misali, 3.00-17, sannan 6PR, sannan 50P. Na farko faɗin taya ne da girman rim a inci. Na biyu awon ƙarfin jikinta ne: 4PR, 6PR, 8PR, a da yana nufin yawan shimfiɗun zaren da ke ciki, yanzu kuwa matakin ƙarfi kawai yake nunawa. Lamba 50 ita ce ke faɗin nauyin da za ta iya ɗauka, wato kilo 190. 47 na nufin kilo 175, 41 kuma kilo 145. Harafin P na nufin an gwada ta zuwa gudun kilomita 150 a awa, L kuma 120, abin da bai cika damun mai ƙaramin babur ba. Lambar nauyin ce abin dubawa. Mu yi lissafi. Babur irin Boxer shi kansa ya haura kilo 100, kuma fiye da rabi a ƙafar baya yake. Mahayi, mu ce kilo 70, mafi yawansa shi ma baya ya sauka. Sai a ɗaure buhun hatsi biyu masu kilo 100 kowanne a kan kujera da kariya, waɗanda kusan duk nauyinsu a kan ƙafar baya yake. An tasam ma kilo 300 ke nan a kan tayar da aka rubuta mata 190. Haka abin yake in aka yi goyon manya uku da yaro a kan tanki, kamar yadda ake gani duk ranar kasuwa ko ranar biki.

Ba na tsammanin rubutu zai hana wannan lodi, domin talauci da rashin mota ne suka kawo shi. Amma mai yin sa ya kamata ya san cewa 4PR ba tasa ba ce ko da kyauta aka ba shi. Ya nemi 6PR ko 8PR a baya, mai lambar nauyi mafi girma da zai samu a girman rim ɗinsa. Farashin da zai biya, ban da kuɗi, shi ne tauri: taya mai ƙarfin jiki ba ta shanye gargada kamar mai laushi, ƙugu da wayoyin ƙafa ne za su ji a jikinsu.

Lambar nauyin nan kuma ba ta aiki sai da iska, don iskar ce ke ɗaukar kaya, roba riƙe ta kawai take yi. Kilo 190 ɗin da aka rubuta yana tare da sharaɗin awon iskar da ke rubuce kusa da shi, wanda ga taya mai ƙarfin jiki yakan kai PSI 40 ko 41, ga ta yau da kullum kuma wajen 33. Ga tafiyar da babu kaya, abin da aka saba rubutawa a littafin ƙananan baburan Bajaj shi ne 25 a gaba, 28 a baya, 32 in da goyo. To amma a bakin tasha yaya ake yi? Mai faci ya ɗura iska, ya danna da babban yatsa ko ya ƙwanƙwasa da sifana, ya ce, "Malam, ta yi." Yatsa ba ya bambanta 22 da 32 a tayar 6PR, domin taurin jikinta kaɗai ya isa ya ruɗe shi. Geji ɗan ƙarami na aljihu bai kai kuɗin tiyub ɗaya ba, kuma ban san wani abu mai arha irinsa da ke ƙara wa taya kwana ba.

Ƙarancin iska a kwalta shi ne ajalin taya. Gefenta yana lanƙwasawa fiye da ƙima a kowane juyi, zafi na taruwa a cikin zare, har wata rana shimfiɗun su rabu ko tiyub ya yi bindiga. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa, abin ba ya ɗaukar dogon lokaci. Akwai kuma kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya: mutum ya taɓa taya da tsakar rana ya ji ta yi tauri ta yi zafi, sai ya sace mata iska wai kada ta fashe. Ƙarin da zafi ya kawo an riga an yi lissafinsa a wajen ƙira. In ka rage, ka ƙara mata lanƙwasa ke nan, ta ƙara zafi. Da safe ake auna iska, kafin a tashi.

Ga kuma inda abin ya zama ciniki: rairayi sassaucin iska yake so, don taya ta baje ta yi tsawo a ƙasa ta daina lumewa. Rage 'yan maki kaɗan kan canza tafiyar yashi fiye da yadda sabon zane zai canza ta. Masu yawon hamada haka suke yi, amma suna tafe da famfo, kuma da sun hau kwalta suke mayarwa. Baburan tseren jeji har wani maƙalli gare su da ke danne taya a jikin rim, wanda namu ba su da shi. In aka rage da yawa a babur mai tiyub, abu biyu kan faru. Ko dai a daki dutse ko bakin kwalta, rim ya cije tiyub ya yi masa huda biyu a jere. Ko kuma taya ta riƙa zamewa a kan rim kaɗan-kaɗan tana jan tiyub, har ta tsinke bawul daga gindinsa, wanda ba shi facuwa. Alamarsa ita ce ka ga bawul ya karkace maimakon ya tsaya a miƙe. Saboda haka ne gogaggu ba sa ɗaure ɗan notin bawul tamau a jikin rim, don ya samu damar karkacewa ya yi gargaɗi. Mai kaya a baya kuwa kada ma ya fara rage iska; nasa maganin sauka ne ya tura.

Sai ƙaya. Ƙasar da ke da aduwa da bagaruwa da magarya, da tsidau a shimfiɗe a gefen hanya, da kututturen karan dawa bayan girbi, ba ta raga wa taya. Wannan ya sa tubles, wato taya marar tiyub, ke ƙara farin jini. Amfaninta na gaskiya ne: ƙusa ko ƙaya in ta shige ta, robar kan riƙe ta, iska na fita a hankali, sau da yawa har mutum ya isa gari, kuma ana toshe hudar ba tare da an kwance ƙafa ba. Tiyub kuwa yana iya sacewa nan take, abin tsoro ne a ƙafar gaba in ana gudu. Amma tubles sai da rim ɗin zubi wanda ba ya yoyon iska, shi kuma ba ya son duka. In ya lotsa a rami, iska ta samu hanya. In ya tsage, sai sabo. Sannan zaunar da bakinta a kan rim sai da injin iska mai ƙarfi, wanda akwai shi a Gaya da Wudil amma ba kowane ƙauye ba. Rim mai wayoyi yana shanye duka, in ya karkace a ja wayoyin a daidaita shi, in ya lotsa a buga. Gaya dai garin maƙera ce tun fil azal, tarihin Kano ma ya ce daga nan Abagayawa suka tashi suka je Dala neman tama, don haka miƙar da ƙarfe ba zai gagari mutanenta ba. Mai faci da sholisho ko facin wuta kuwa, da wuya ka rasa shi a ƙarƙashin wata bishiya. Ni dai a wajena, mai yawan kwalta ya fi riba da tubles, mai zurfafawa cikin ƙauye kuma ya zauna a kan tiyub, ko in tubles gare shi ya riƙa tafiya da tiyub a ajiye, don ana iya zura shi ciki a ƙarasa gida.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayi sabuwar taya a mayar mata da tsohon tiyub mai faci bakwai. Tsohon tiyub ya riga ya buɗe, a cikin sabuwar taya naɗewa yake, naɗin kuma nan ne zai tsage. Haka robar da ke rufe kawunan wayoyi a cikin rim. In ta tsinke, wayar da kanta ke huda tiyub daga ciki, mutum ya yi ta zagin ƙaya ba laifinta. Dabarar nan ta cusa guntun tsohuwar taya a ciki don toshe yanka tana kai mutum gida, amma ba abin hawa titin Wudil da shi ba ne.

Daga ina tayoyin ma suke zuwa? Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008. Mafi yawan abin da ke kasuwa yanzu daga Sin da Indiya da Tailan yake shigowa, ya biyo ta hannun dilolin Legas da Nnewi zuwa Kano, kafin ya iso shagunan Gaya. A ciki akwai sanannun sunaye irin MRF da CEAT na Indiya, da CST da Kenda, da Vee Rubber. Akwai kuma jabu masu kwaikwayon suna da tambari, da waɗanda ba a san ubansu ba. Kafin ka sayi taya, ɗaga ta ka ji nauyinta a hannu, ka duba ko rubutun gefe ya fito raɗau, ka shafa cikinta ka ji ko zare ya fito, ka ga ko bakinta a miƙe yake bai murɗe ba. Ka nemi lambobi huɗu da ke cikin ɗan zagaye a gefe: 2423, alal misali, na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana wa'azin cewa taya ta gama aiki bayan shekara 4 da ƙera ta. Michelin kuwa cewa yake a riƙa duba ta duk shekara bayan ta kai 5, kada kuma ta wuce 10. Ga ɗan acaɓa wannan gardama ba ta taso ba, don tayarsa ba ta kai ko'ina za ta suɗe. Inda shekaru ke da muhimmanci shi ne wajen saye, musamman tayar da ta daɗe rataye a ƙofar shago rana na dukanta, da kuma babur ɗin dattijo da ke kwana a zaure sai ranar Juma'a: zane na nan cif, amma robar ta bushe ta tsattsage. Gwanjo kuwa, dokar kwastam ma ta hana shigo da tsohuwar taya. Araha ba ta ado: wadda aka saya rabin kuɗi ta yi sulusin kwana ba ta yi arha ba, balle a haɗa da ranar kasuwar da aka rasa ana turi.

Tayar baya ce ke cinyewa da wuri, sau da yawa sai an canza biyu kafin ta gaba ɗaya, shi ya sa hankali ke kanta. Amma ta gaba ce ke riƙe da kwana da mafi yawan birki a kwalta. Baya in ta zame, gwani kan iya tarowa. Gaba in ta zame, kafin ka ankara kana ƙasa. Wuri mafi haɗari gare ta kuwa shi ne daidai inda hanyar ƙauye ta haɗu da titi, inda ƙafafun motoci da ruwan sama suka shimfiɗa yashi a kan kwalta, ba ta zama ƙasa ba, ba ta zama titi ba. A duba kibiyar da ke gefen taya mai nuna inda za ta juya, don masu faci kan juya ta cikin gaggawa. Kada kuma a ruɗu da faɗi. Cusa 3.50 a rim ɗin da aka yi don 3.00 yana matse ta ta yi tsini, ta rage wurin da laka za ta wuce, wani lokaci har ta riƙa gogar sarƙa.

Lokacin da ya fi dacewa a canza taya shi ne watan Mayu, kafin ruwa ya zauna, don damina ce ke buƙatar zurfin zane, a kwalta da a laka duka. Sabuwar taya tana da ɗan santsi a fuskarta, sai an yi kamar kilomita 100 ana lallaɓa ta a kwana kafin ta kama sosai. A cikin tsagogin akwai wasu 'yan tudu, da alamar TWI ko ɗan kusurwa-uku a gefe mai nuna inda suke. In zane ya suɗe ya yi daidai da su, saura ƙasa da milimita 1, aikinta ya ƙare. Wannan awo na kwalta ne. Tayar laka tun haƙoranta na rabi take daina kamawa yadda ya kamata. Wanda ya sa mai haƙora don damina, ya cire ta a Oktoba kafin kwaltar kaka ta cinye ta a banza, ya wanke ta ya ajiye a ɗaki mai inuwa, nesa da jarkar fetur da baƙin mai, za ta sake yi masa wata daminar.